Otal ɗin Gado a Tsaunukan Dolomiti: Tsakanin Ƙanƙara da Keke

A ƙasan kusan kowane otal da ke ƙauyen Corvara, a tsaunukan Dolomiti na arewa maso gabashin Italiya, akwai wani ɗaki da baƙo ke bi ta cikinsa kafin ya fita waje. A watan Janairu ɗakin cike yake da katakan zamiya a kan ƙanƙara a jingine, da manyan takalma da aka kifa a kan bututun ɗumi don su bushe kafin gari ya waye. A watan Yuli an kwashe duk wannan. Kekuna ne rataye a bango, wasu kuɗinsu ya kai na ƙaramar mota, ga famfon iska, ga akwatin sifanu, ga mesar wanke taɓo a bakin ƙofa. Galibi kuma mai riƙe da mabuɗin ɗakin ɗan mai gidan ne ko surukinsa. Abin da ke rataye a ɗakin nan shi ke nuna wanda ke ciyar da gidan a wannan watan.

Corvara tana bisa tsayin mita 1,568, a ƙarshen kwarin Badia da ke lardin Tirol ta Kudu. Yankin na ƙarƙashin Ostiriya ne har ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, sannan ya koma hannun Italiya. Mutanen kwarin suna da harshensu, Ladin, wanda masu magana da shi duka ba su wuce dubu talatin zuwa arba'in ba, kuma yaransu suna karatu da Jamusanci da Italiyanci a makaranta. Wannan ba ƙaramin jari ba ne ga mai masauki: yarinyar da ta tashi a gidan tana gaida kakarta da Ladin, ta karɓi baƙon Munich da Jamusanci, ta juya ta amsa wa na Milan da Italiyanci. A bayan ƙauyen akwai wani ƙaton dutse mai suna Sella, kuma titi ya zagaye shi ta mashigai huɗu, wato wuraren da hanya ke hawa ta ƙetare tsauni ta gangara wani kwarin: Campolongo, Pordoi, Sella da Gardena. Da hunturu mutane na zagaya dutsen a kan katakan zamiya, suna hawa da kujerun igiya, wato kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe da inji ke ja zuwa sama, suna gangarowa da ƙafafunsu. Da bazara suna zagaya shi a kan keke. Zagayen nan, da ake kira Sellaronda, shi ne gonar otal-otal ɗin kwaruruka huɗu.

Shekaru ɗari da ɗoriya da suka wuce talauci ne a nan. Sha'ir ake nomawa da ɗan dankali, a yanki ciyawa a gangaren da mutum ke tsayawa da kyar, a tara wa shanu abincin wata shida na sanyi. Dusar ƙanƙara a lokacin masifa ce mai rufe hanya. Abin ya fara juyawa ne da titi. A 1909 aka kammala babbar hanyar Dolomiti daga Bolzano zuwa Cortina, wadda ta bi ta Pordoi, kuma shekara guda kafin nan wani jagoran masu hawan dutse, Franz Kostner, wanda ya taɓa raka masu bincike har tsaunukan Tien Shan na tsakiyar Asiya, ya karɓi masaukin Posta a Corvara. Jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu ɗansa Erich ya kafa kujerun igiya zuwa tudun Col Alt, waɗanda ake lissafawa a matsayin na farko a Italiya. Daga nan manomi ya fara ba da hayar ɗaki biyu a saman gidansa, matarsa na dafa wa baƙi, ɗaki biyu suka zama takwas, takwas suka zama talatin. Yawancin otal-otal ɗin da ake gani yau haka suka tsiro, shi ya sa har yanzu za ka shiga wani ka tarar da tsohon ɗakin zaman gidan mai bangon katako, wanda suke kira stüa, an bar shi a tsakiyar sabon gini.

Tambayar da ta fi ba ni sha'awa ita ce me ya sa waɗannan gidaje suka zauna a hannun iyalai, alhali a wasu wuraren zamiya, musamman manyan wuraren da aka gina daga tushe a Faransa a shekarun 1960 da 1970, kamfanoni da masu gidajen haya ne suka mamaye. Wani ɓangare na amsar yana cikin dokar gado. Tirol ta Kudu na da tsohon tsarin da ake kira rufaffiyar gona: gona da gidanta da dajinta ba a raba su, magaji ɗaya ke ɗauka, sai ya biya 'yan'uwansa rabonsu da kuɗi, kuma ana ƙiyasta kuɗin ne bisa abin da gonar ke samarwa, ba bisa farashin da za ta yi a kasuwa ba. Gwamnatin Mussolini ta soke tsarin a 1929, mutane suka ci gaba da bin sa a tsakaninsu, lardin ya mayar da shi doka a 1954, kuma sai a 2001 aka daidaita mata da maza a kan wanda zai gada. Dokar ta gonaki ce, ba ta otal ba, amma tunanin da ta dasa ya bi gidajen da suka rikiɗe daga gona zuwa masauki: gida abu ne da ake miƙawa, ba a yanka shi. Mai karatu da ya san gandu zai gane amfanin wannan, zai kuma gane ciwonsa. Ƙasa ta zauna wuri ɗaya har ta isa a jingina ta a banki a ci bashin gini. Ƙannen da ba su gada ba kuwa, ko su zama ma'aikata a gidan da aka haife su, ko su koyar da zamiya, ko su bar kwarin.

Ɗaya ɓangaren amsar shi ne aikin da ba a rubuta shi a takardar albashi. A otal mai ɗaki talatin ko arba'in, uwar gida na wurin karɓar baƙi tun da sassafe, maigida na tsakanin kicin da ɗakin injin ɗumama ruwa, kaka na ninke tawul ko tana murza ƙullun turtres, wani soyayyen burodi mai alayyafo a ciki, ɗa kuma shi ne makaniken keke da bazara, direban motar ɗauko baƙi da hunturu. Da kamfani ne, kowanne cikin waɗannan albashi ne da hutun mako. Iyali kuwa suna yin wata huɗu ba ranar hutu, su ɗauki abin da ya rage bayan an biya kowa. A shekarar da ta yi kyau abin da ya rage da yawa ne. A wadda ta ɓaci, su ne ke shanye asarar ba tare da an kori kowa ba.

Akwai kuma abin da kamfani ba ya iya saya, wato baƙon da ya saba. Tsarin da aka fi bi shi ne kwana da karin kumallo da abincin dare a kuɗi ɗaya, kuma da hunturu ana sayar da mako ne cikakke, Asabar zuwa Asabar, abin da Italiyawa ke kira farin mako. Iyalin da suka zo makon farko na Fabrairu bana, kafin su tafi sun kama ɗaki ɗaya na baɗi, kuma akwai waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin a haka, har 'ya'yansu suka girma tare da 'ya'yan mai gidan. Wannan sabo kuɗi ne a zahiri. Ɗakin da aka sayar ta dandalin intanet na Booking ana cire masa la'ada da ta kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye, wanda kuwa tsohon baƙo ya kama da kiran waya ba a cire masa ko sisi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka otal ɗin yana tsaye da ƙafafunsa. Babu mai zuwa Corvara a Janairu don gado mai laushi. Yana zuwa ne don tikiti ɗaya da zai buɗe masa kujerun igiya kusan 450 da filayen zamiya na kilomita 1,200 a yankuna 12, ƙarƙashin haɗakar Dolomiti Superski da aka kafa a 1974. Tikitin yini ɗaya a tsakiyar kakar zamiya ya haura yuro 80. Otal ɗin ba shi ke da igiyoyin ba, ko da yake a ƙauyuka da dama iyalan masu masaukin na da hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da su. In igiya ta tsaya, ɗakuna sun zama fanko a ranar. An ga haka ƙarara a hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin annobar korona, da gwamnatin Italiya ta riƙa ɗage ranar buɗewa. A ranar 14 ga Fabrairun 2021, ana gobe za a buɗe a wasu yankuna, aka sake fitar da umarnin hanawa, bayan masu otal sun kira ma'aikata sun cika firji. Kakar ta wuce baki ɗaya ba a yi ta ba.

Ita kanta ƙanƙarar da ake zamiya a kai, yawancinta yanzu ba daga sama take saukowa ba. Hunturu biyu a jere a ƙarshen shekarun 1980 sun zo kusan a bushe a kudancin tsaunukan Alps, inda Dolomiti yake, kuma daga nan aka rungumi injin feshi. Ba mamaki cewa ɗaya daga manyan kamfanonin ƙera waɗannan injina a duniya, TechnoAlpin, a Bolzano aka kafa shi a 1990, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Corvara. Aikin injin mai sauƙin faɗa ne: yana fesa ruwa ƙanana-ƙanana cikin iska mai sanyi, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Amma yana buƙatar abu uku. Yana son ruwa, domin shimfiɗar farko mai kaurin santimita 30 a kan hekta ɗaya na cin sama da lita miliyan ɗaya, shi ya sa ake haƙa tafkuna a kan tsaunuka ana tara ruwa tun bazara. Yana son lantarki, kuma tsadar wutar da ta biyo bayan yaƙin Yukren a 2022 ta nuna yadda wannan ke iya cin ribar kaka. Sannan yana son sanyi, kusan digiri biyu zuwa uku ƙasa da sifili. Ruwa da wuta ana sayen su da kuɗi. Sanyi ba a sayen sa.

Nan ne matsalar take. Tsaunukan Alps sun ƙara ɗumi da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, wato kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. Tun a 2007 ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta duba wuraren zamiya 666 na yankin, ta ce 609 ne ke da tabbacin ƙanƙarar sama a lokacin, kuma ƙarin digiri 2 zai rage su zuwa 404, ƙarin digiri 4 kuma zuwa 202. Wani binciken da ya fito a 2023 a kan wurare 2,234 a faɗin Turai ya nuna cewa a ɗumamar digiri 2, fiye da rabinsu za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara in babu inji, kuma injin na rage haɗarin amma ba ya kawar da shi. Mutanen kwarin Badia ba sa buƙatar takarda don su yarda. Dutsen Marmolada, mafi tsawo a Dolomiti da mita 3,343, ana hango shi daga filayensu, kuma a ranar 3 ga Yulin 2022, bayan kwanakin zafi da ba a saba gani ba a can sama, wani ɓangaren daskararriyar ƙanƙararsa ya ɓalle ya kashe mutum 11.

Ya kamata a yi adalci a nan: Corvara ba ta cikin waɗanda za su fara faɗuwa. Kowace mita ɗari ta hawa na rage zafi da sama da rabin digiri, kuma yawancin filayenta na tsakanin mita 1,500 da sama da 2,000. Ƙananan wuraren da ke ƙasa, masu igiya uku ko huɗu da ba su da kuɗin haƙa tafki, su ne ke rufewa, kuma baƙinsu na hawowa sama. Saboda haka a ɗan tsakanin nan ɗumamar yanayi na iya ƙara wa manyan wurare ciniki. Wannan ne ke sa lissafin ya rikice wa iyali: littafin shiga da fita na cewa a ƙara gini, ma'aunin zafi na cewa a yi hattara.

Keke ya shigo ne a matsayin noman rani. Sunan mashigan nan ya daɗe a kunnen masoya keke saboda gasar zagaye Italiya, wadda ita ma a 1909 aka fara ta. A saman Pordoi, mita 2,239, akwai abin tunawa da Fausto Coppi, gwarzon da ya sha wucewa nan a gaban kowa, kuma tun 1965 ana kiran wuri mafi tsawo na gasar kowace shekara da sunansa. Amma abin da ya mayar da suna ciniki shi ne gasar 'yan sa-kai ta Maratona dles Dolomites. An fara ta a 1987 da mutum 166. Yau kusan 8,000 ake bari su shiga a farkon Yuli, ta hanyar ƙuri'a saboda masu nema sun ninka haka, kuma doguwar hanyarta kilomita 138 ce da hawan da jimillarsa ta kai mita 4,230, daga La Villa zuwa Corvara. Wanda ya daɗe yana shugabantar shirya ta, Michil Costa, ɗan gidan otal ne na Corvara. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Masu masauki ne suka ga makonnin farkon bazara a bushe, suka nemi abin da zai cika su.

Mai keke baƙo ne mai nasa hali, kuma a nan otal ɗin iyali ya fi kamfani iya wa. Yana son a kulle masa kekensa a wurin da ya yarda da shi. Yana son kumallo mai nauyi da wuri, da taliya ko shinkafa da ƙarfe huɗu na yamma in ya dawo a galabaice, lokacin da babban kicin ke rufe. Yana son a wanke masa kayan gumi a daren a ba shi da safe. Fiye da komai yana son wanda zai duba sama ya ce masa yau kada ya hau mashigar Giau bayan azahar, hadari na haɗuwa. Ɗan gidan da ya hau waɗannan hanyoyi tun yana yaro shi ke da wannan sani. Zuwan keke mai batir ya ƙara faɗaɗa kasuwar ƙwarai, domin dattijo da matarsa da da ba za su iya lanƙwasa 33 na Pordoi daga ƙauyen Arabba ba, yanzu suna kaiwa sama suna hira. Kamfanonin igiya ma sun samu nasu, suna ɗaukar masu keken daji zuwa sama su gangaro ta cikin kurmi.

Sai dai a ganina waɗanda ke cewa keke zai maye gurbin ƙanƙara suna gaggawa. Gaskiya ne a lardin gaba ɗaya kwanan baƙi na bazara ya fi na hunturu yawa. Amma a ƙauyukan zamiya kuɗin ɗaki ɗaya a makon Kirsimeti ko tsakiyar Fabrairu ya fi na Yuni nesa ba kusa ba. Ɗan zamiya na zuwa da iyali, ya yi mako, ya sayi tikiti, ya yi hayar kataki, ya sa yara a makarantar koyo, ya ci abincin rana a bukkar kan dutse. Kuɗinsa na ratsa ƙauyen duka. Mai keken titi kuwa titin kyauta ne, kekensa nasa ne, yakan yi kwana uku ko huɗu, kuma in wayarsa ta nuna ruwan sama a ƙarshen mako sai ya fasa. Abin da bazara ke yi wa gidan shi ne ta biya albashi, ta ba shi damar riƙe kuku da ma'aikatan kirki wata takwas maimakon huɗu, ta rage dogaro da kaka guda. Bashin banki kuwa, har yanzu hunturu ke biyan kaso mafi girma.

Kuma bashin na da yawa. A shekaru talatin da suka wuce an shiga tsere a Tirol ta Kudu: maƙwabci ya gina wurin iyo mai ɗumi da ɗakin surace, kai ma dole ka gina, in ba haka ba tsohon baƙonka ya leƙa can. Otal mai tauraro uku ya zama mai huɗu, mai huɗu na neman biyar, kowane mataki miliyoyin yuro ne da za a biya cikin shekara ashirin ko fiye. Wanda ya sa hannu a takardar bashin yau yana caca ne a kan yadda Disambar shekarun 2040 za ta kasance, kuma ba shi zai biya ƙarshensa ba, 'yarsa ce ko ɗansa. Ina ganin wannan ya fi ƙarancin ƙanƙara barazana ga ƙananan gidaje, don ƙanƙara a hankali take raguwa, kuɗin ruwa kuwa wata-wata ake neman sa.

Bazarar ma ta zo da nata rikicin, kuma a kan titi yake. Hanyar da mai keke ke so shiru ita ce masu babura da motocin yawon buɗe ido ke so su ma, musamman tun da UNESCO ta sa Dolomiti cikin wuraren gadon duniya a 2009. Sau biyu a shekara, a Yuni da Satumba, ana rufe mashigan huɗu ga duk abin da ke da inji na wasu sa'o'i, dubban kekuna su cika hanya. A 2017 an gwada rufe mashigar Sella kowace Laraba a Yuli da Agusta. Masu otal na cikin kwari da ke rayuwa da 'yan keke da masu tafiyar ƙafa da yawansu sun yi maraba, masu gidajen abinci na saman mashigar da ke rayuwa da mai mota da ya tsaya shan kofi suka yi ca. Dukkansu iyalai ne, wasu ma dangin juna, kuma kowanne na da gaskiyarsa. Har yau ba a warware ba.

Lardin Tirol ta Kudu mai mutum kusan 530,000 ya karɓi kwanan baƙi sama da miliyan 33 a 2019, ya haura miliyan 36 a 2023. A 2022 gwamnatin lardin ta kafa iyaka a kan yawan gadajen baƙi, ta ɗaure shi da adadin 2019, ta yadda sabon gado ba zai samu ba sai wani ya fita daga lissafi. Ga iyalin da ke da otal tuni, wannan kariya ce daga babban kamfanin da zai zo ya dasa gini mai ɗaki ɗari biyu a gefensu. Amma ya kuma mayar da kowane gado kadara mai tsada, kuma abin da ya yi tsada yana jawo mai saye. Magajin da ya ga iyayensa sun tsufa a bakin aiki, ya ga wahalar samun ma'aikata, waɗanda yanzu ake ɗauko su daga kudancin Italiya da gabashin Turai da ma nesa da haka, kuma dole a ba su wurin kwana a ƙauyen da haya ta fi ƙarfin ɗan gari, yana da dalilin sauraron tayi. Waɗanda suka zauna galibi sun je makarantar koyon aikin otal, sun yi aiki a wasu ƙasashe, sun dawo da ra'ayinsu, kuma gardamar da ke tsakaninsu da iyayensu kan teburin kicin ita ce ta kwarin duka: a ƙara zuba kuɗi a hunturu, ko a fara karkata gidan ga watannin da ba sa buƙatar inji.

Ana yin wannan gardama ne a Nuwamba, watan da otal ke rufe. An sauke ƙugiyoyin keke daga bangon ɗakin ƙasa, an mayar da bututun busar da takalma, masu fenti da masu gyaran famfo na ta kai da kawo. Ɗakunan makon 7 da 8 ga Disamba, hutun da mutanen Milan ke buɗe kaka da shi, an riga an sayar da su tun bazara, an karɓi kafin alƙalami. Tafkunan kan dutse cike suke, injina na jere a gefen filayen da har yanzu ciyawa ce ruwan ƙasa. Abin da ake jira shi ne darare kaɗan a jere na sanyi mai kyau, kuma maigida kan fita baranda kafin ya kwanta ya duba ma'aunin da ke rataye a jikin ginshiƙi.